Jan Fenti a Ƙafar Gada

"Ba zan rusuna ba," na ce.

Manaja Kuramochi ya ɗago kai ya dube ni kamar bai ji da kyau ba. Umarninsa ba mai tsawo ba ne: ran Litinin in sa kayan aikina, in bi shi ofishin lardi, in tsaya gaban manya in sunkuyar da kai har sai sun ce ya isa.

"Nonomura-san," ya ce, yana haɗa sunan gidanmu da laƙabin girmamawa, "rusunawa ce fa kawai, ba kanki za a sare ba. Ni da kike gani, da ita bayana ya lanƙwashe."

"Shi ya sa nake tattalin nawa, Yallaɓai."

Bai yi dariya ba.

Jirginmu tarago ɗaya ne, yana tashi daga bakin teku ya hau cikin duwatsu. Rabin kamfanin na gwamnatin lardi ne da garuruwan da ke kan hanya, rabi na banki da 'yan kasuwa, kuma kowane ɓangare jira yake ɗayan ya fara cewa a rufe. A cikin wancan makon ne wakilansu suka zo su hau su gani da idonsu ko hanyar ta cancanci a ci gaba da riƙe ta. Ni aka ba tuƙin, don ni kaɗai ce mace cikin direbobi, ga digiri, ga kyau a hoto.

Tun safe ake ruwa. A ƙafar gadar da ke kan kogi akwai jan fenti, in ruwa ya haura shi jirgi ba ya hayewa. Mu kuwa a aikinmu direba ba ya duba abu a zuci. Nunawa yake da yatsa, ya faɗa da ƙarfi. Na miƙa hannu sanye da farar safar hannu, na ce, "Ruwa ya haura ja. Tsayawa!" Duk taragon ya ji.

Kuramochi ya matso bayana yana raɗa. "Ɗan lasa kawai ya yi. Lallaɓa ki wuce a hankali, magajin gari yana can tsallake da abinci."

"Na riga na nuna, na faɗa."

"To sake nunawa mana!"

Ban sake ba. Muna nan har aka turo bas. Manya suka sauko suka bi kunyar gonar shinkafa da takalman ofis, taɓo har idon sawu. Wakilin banki yana goge wandonsa ya ce, "Ashe dai bas ce ta kai mu." Kuramochi ya ji, fuskarsa ta yi fari fat.

Gadar ba ta yi komai ba. Kafin yamma ruwa ya janye. Ba wanda ya ce na karya doka, cewa aka yi ban san ya kamata ba.

Da Litinin ta wuce ban je ba, sai aka karɓe mini tuƙi, aka ce zan yi ƙarin horo. Horon shi ne cire ciyawa a wata ƙaramar tasha da ba ma'aikaci ko ɗaya, sai kukan ƙwari. Na cire ta bazara, na share ganyen kaka, dusar ƙanƙara ta zo na kwashe ta da shebur har tafin hannuna ya tsage. Duk jirgin da ya shigo ina miƙewa tsaye in sara masa yadda aka koya mini, ina kallon wani a kujerata.

Tsubouchi, tsohon direban da ya koya mini tuƙi, yakan leƙo ta taga. "Malama mai digiri, yaya gonar? Yaushe za mu ci amfani?"

"Ran da ka daina taka birki kamar mai kashe kyankyaso, Tsubouchi-san."

Wata rana ya ajiye mini gwangwanin shayi mai zafi, ya rage murya, ya kira ni da sunana na yanka. "Chizuru, je ki rusuna. Kai kaɗai zai sauka, zuciya tana nan inda take. Duk mun yi."

"Kai ka ce mini kar in taɓa faɗin abin da yatsana bai gani ba. In na ba da haƙuri, gobe wanda ya ga ruwa a kan ja zai yi shiru."

Ya kalli agogonsa, ya nuna sigina, ya ja jirginsa.

A gida ma ban tsira ba. Mahaifiyata tana sayar da ƙunshin shinkafa da kifi a babbar tasha. Matan da suka saba tsayawa hira da ita suka koma gaisuwa daga nesa.

"Taurin kan ubanki kika ɗauko," ta ce tana juye abin da ya yi kwantai. "Shi ko ba a bakin tasha yake neman abinci ba."

Da bishiyoyi suka fara fure, masu kamfani suka zauna suka yanke: jirgi zai tsaya a bakin kogi, garuruwan tsallake su koma bas. Wataƙila da ma sun gama shawara tun kafin su hau. Wataƙila rusunawar da na ƙi yi musu ce ta ƙarasa ingiza su. Ban sani ba, kuma ba mai gaya mini.

Ga abin da na sani. Lasisina yana aljihuna amma ban sake riƙe birki ba. Tsofaffin tsallake, da na sha ɗauka zuwa asibiti, suna kau da kai in sun gan ni. Mahaifiyata ta rufe teburinta. Ban rusuna ba, kuma abin da ya ci mini ke nan.