Kabarin Elam Tackett

Marnie na durƙushe tana wanke dutsen kabarin da soso, idonta na kan shekarar rasuwar da aka sassaƙa a jikinsa: 1889. Sau uku tana dirzar ta, kamar sabulu zai canza ta.

Yau ce Lahadin gyaran kaburbura, ranar da zuriyar Tackett kaf ke hawowa wannan tudu na jihar Kentucky a Amurka su nome ciyawa, su jera furanni, su ci abinci a inuwa. Bana ita aka ɗora wa karanto asalin gidan, tunda ita ta yi jami'a. Wata biyu ta yi tana tonon tsofaffin takardu a ofishin gunduma, har ta ji tana ƙaunar Elam, mai kabarin, kamar ta taɓa ganinsa. Sai jiya ta ci karo da ranar haihuwar ɗansa Harlan, wanda dukkansu daga tsatsonsa suka fito: 1892. Shekara uku da binne uban.

"Malama mai digiri, a hankali, kar ki goge mana kaka gaba ɗaya," in ji Kawu Dewey, yana wucewa da farantin soyayyar kaza. Sunan Elam na nan zane a damtsensa tun yana soja.

Ta iske kakarta Opal na yanka kek ɗin tuffa, ta miƙa mata takardar. Tsohuwar ko tabarau ba ta nema ba.

"Shekara ukun nan ne ko?"

"Kaka, dama kin sani?"

"Tun ina amarya. Ni da yatsu na ƙirga, ba digiri. Gwaggonki Verna da ta gano, kwana biyu tana kuka. Kowane zamani sai an samu yarinya ɗaya mai wayo."

"To wane ne uban?"

Kaka ta nuna bayan shinge da wuƙar kek, inda 'yan gidan Caudill ke gyaran nasu kaburburan. Marnie ta dubi kunnuwansu, fatan-fatan kamar faifai. Ta juyo ta dubi na Kawu Dewey. Ba ta san lokacin da ta shafa nata ba.

"Matar Elam ta rage ita kaɗai a gonar kan dutse, ga sanyi," in ji Kaka. "Ni dai ban ga laifinta ba."

"Mazan fa?"

"Shekara ɗari da wani abu suna yanke ciyawar kabarin nan, ba wanda ya taɓa yin lissafi. In kin ga dama ki gaya musu, 'yar nan. Amma kawunki na da hawan jini."

Aka kira jama'a. Marnie ta tsaya a gaban dutsen.

"Elam Tackett," ta karanta, "ya haifi Harlan."

Mazan suka cire huluna. Kawu Dewey ya share ido da bayan hannu. Can a bencin baya mata bakwai suka gyaɗa kai a tare, Gwaggo Verna ta ɗan matsa, ta buɗe mata wurin zama a tsakiyarsu.