Tarin da Tela Ya Haɗiye

Likita ba ta ɓoye masa komai ba. Kansar jini ce, irin mai tafiyar hawainiya, kuma ba lallai ita ce za ta kayar da shi ba. Ƙwayoyin da ke gadin jikinsa sun yi yawa, amma duk 'yan zaman banza ne. Murar da wani zai yi ya warke, shi tana iya kai shi kabari. Wanda garkuwarsa ta yi ƙasa haka, in ji ta, bai cika yin nisa ba.

"Mece ce sana'arka, Baba?"

"Aski."

Ta ajiye biro ta dube shi. Mai aski ai a cikin numfashin mutane yake neman abinci.

Shago ya daɗe a kulle. Matarsa na lallaɓa shi kamar ƙwai, jikoki daga bakin ƙofa suke gaishe shi. Ranar da ta tafi kasuwa sai ya zari makulli.

Bai gama kakkaɓe kujera ba sai ga Tela, abokinsa tun suna samari, gemu buzu-buzu.

"Ashe ba ka mutu ba? Na hana kowa taɓa kan nan."

"Wa zai taɓa? Kai kamar kabewa. Zauna."

Ya ɗaura masa ƙyalle, ya shafa kumfa, ya ɗaga haɓa. Reza na kan maƙogwaro ya ji fatar da zafi rau. Tari ya taso a ƙarƙashin yatsunsa, Tela ya haɗiye shi da ƙyar, idanu suka kawo ruwa.

"Lafiya dai?"

"Kumfa ce ta shigar min hanci."

Ƙarya ce, ya sani. Kunci ɗaya ya rage. Yana iya ajiye reza ya fice. To ya tafi ina? Ya koma gida kallon bango ana tafasa masa cokali don gudun cuta? In ya tsallake wannan tarin, na gobe na nan tafe.

"Daina haɗiyewa kar in yanka ka a banza. Yi abinka."

Tela ya yi ta tari har kafaɗu na rawa. Mai aski ya jira shi, sannan ya ƙarasa, ya daidaita gashin baki tsaf.

Kafin mako ya zagayo zazzaɓi ya rufe mai aski. A asibiti matarsa ta sunkuyo kansa.

"Maigida, da wa ka haɗu? Gaya min."

"Ba kowa."

Likita ta daɗe tana sauraren ƙirjinsa, sannan ta kira matar waje. Ta gilashin ƙofa ya hango likitar na magana a hankali, matarsa kuma tana lalubar bango ta dafa.