Ƙarar da Na Kai Doguwa

Da kuloli uku na shiga ofishin babbar nas. Ban jira an ce in zauna ba. Na jera su a kan teburinta, bisa takardunta, na buɗe murafen ɗaya bayan ɗaya. Ta shekaranjiya har ta soma tsami.

"Duba da kyau," na ce. "Abincin mijina ne na kwana uku. Yadda na bar shi haka na tarar da shi. Wannan doguwar nas ɗin taku da yunwa za ta kashe min miji. Yau sai an kore ta, ko ni a kore ni."

Matar ta cire tabarau, ta leƙa kulolin, ba ta ko yamutsa fuska ba.

"Sannu, Mama. Mijinki shi ne na gado na huɗu?"

"Kafinta ne, ba gado na huɗu ba. Shekara arba'in yana haɗa gadaje, kuma ko ɗaya ba ya kuka kamar naku."

Shekara bakwai ke nan ciwon mantuwa ya kama shi. Da fari guduma ce zai ajiye a firji, ya tada gidan yana nema. Daga baya ya mance hanyar shagonsa, ya mance 'ya'yansa, ni kuma ya koma kirana Inna, sunan da yake kiran uwarsa. Duk na shanye. Abu ɗaya ne bai taɓa mantawa ba, cin abinci. Ko ranar da bai san kowa ba, in ya ji ƙarar cokali sai ya gyara zama. Mako uku da suka wuce zazzaɓi da tari suka kwantar da shi, muka kawo shi asibitin nan. Zazzaɓin ya sauka, shi bai tashi ba.

Ni nake ba shi na safe da hannuna. Da rana in koma gida in huta da gwiwoyina, in bar wa Doguwa kula ta yamma, don ita ce mai kula da ɗakinsu. Kullum sai in tarar da kular cike. In na tambaye ta, sai ta ce wai ba ya iya ci. Ba ya iya ci? A hannuna cokali biyar yake karɓa, wata rana shida. Da idona nake gani.

Duk na zayyana wa babbar nas, har da yadda Doguwa ke tafiya kamar an aike ta dole. Ta miƙo min takarda da biro.

"Ni ban shiga aji ba," na ce. "Ki rubuta, in dangwala."

"Zan rubuta, Mama, ba zan rage ko kalma ba. Amma mu fara zuwa wurinsa. Yaushe kika ba shi na yau?"

"Tun hantsi. Ya fi awa uku."

Muka tarar da shi yadda na bar shi, kansa ya karkata, idonsa rabi a buɗe. Doguwa tana can tana canja wa wani tsoho zanin gado. Babbar nas ta yafuto ta, ta ja labule ya zagaye mu. Babbar nas ɗin ta sa safar hannu, ta ba ni 'yar tocila ta ce in haska. Ta yi masa magana a kunne, "Baba, zan duba bakinka," sannan ta buɗe bakin a hankali, ta zura yatsa can cikin kuncinsa na hagu.

Shinkafa ta zaro. Tawa ce, wadda na dafa ta yi laushi, har da ɗan karas ɗin da na yanka ƙanana. Ta sake zurawa ta zaro wata. Cokali biyar ɗina duk suna nan, an dunƙule su a kunci, ko ƙwaya ba ta wuce ba.

Na kashe tocilar.

"Kullum bayan kin tafi nake kwashe masa," in ji Doguwa.

"To bakinki ciwo yake da ba za ki faɗa min ba?"

"Sau biyu na fara, Mama. Kika ce in rufe miki baki, ba ni na aure shi ba."

Na faɗa, ba zan musa ba. Har da ƙari ma, wanda ta yi kara ba ta maimaita ba.

Babbar nas ta kama yatsuna biyu ta ɗora a wuyana. "Haɗiye yawu." Na haɗiya, maƙogwarona ya hau ya sauka. Ta mayar da yatsun wuyan Kafinta, ta ɗiga masa ruwa kaɗan a harshe. Na jira. Na jira har hannuna ya gaji. Da ƙyar abin ya ɗan motsa, sai tari ya biyo baya.

"Haɗiya ma ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarninta," ta ce. "Yadda ya mance hanyar gida, haka yanzu ya mance wannan."

Na zauna a bakin gadon. Akwai tambayar da ke cina, kuma ni ba na iya riƙe magana.

"Tarin nan da yake yi in na ba shi. Ni ce nake shaƙe shi? Ki faɗa min gaskiya, ba na son lallashi."

"Abincin yana ƙware shi, gaskiya ne, shi ya sa daga yau za a ajiye cokali, sai in shi ya nuna yana so. Amma ko yawun bakinsa yana ƙware shi, Mama. Ba ke kika kai shi nan ba, ba ita ba ce kuma. Ciwon ne ya zo ƙarshensa."

"Yunwa fa? Mutum kwana da kwanaki ba ci?"

"Mai jin yunwa yana nema. Yana bin cokali da ido, yana buɗe baki da kansa. Shi ke kike buɗe masa, ko ba haka ba?"

Haka ne. Da gefen cokali nake ɓamɓare leɓɓansa, ina cewa rigima ce irin tasa.

Babbar nas ta ɗaga bargo ta ce in taɓa ƙafafunsa. Sanyi ƙalau, ga fatar ta yi dabbare-dabbare. Ta tambaye ni yaushe rabon da ya ce Inna. Na lissafa, ya kai kwana tara. Ta ce in saurari numfashinsa. Yana ja, yana ja, sai ya tsaya cak har ka ɗauka shi ke nan, sannan ya dawo. Duk na ga waɗannan. Barcin da yake yi dare da rana ma na gani, na ɗora wa Doguwa, na ce allurar barci take yi masa don ta huta.

"Mutuwa zai yi?"

"E, Mama. Kwanaki ne, in ya daɗe mako ɗaya ko biyu. Ba mai iya sa rana. Likita ya gaya wa ɗanki tun wancan makon."

"Wane ɗana?"

"Babban. Ya roƙa kada a faɗa miki, wai kina da hawan jini."

Na ɗauka in na ji wannan kalma faɗuwa zan yi. Sai na ji kamar an sauke min buhun siminti daga ka. Mako uku ina kwana ina tashi da tunanin ana kashe shi a gaban idona, kuma ni da ke da bakin da ya ishi unguwa na kasa hanawa. Ashe babu mai kashe shi. Hanyarsa ce ya kama, kuma cikinsa ba ya ƙugi. Na yi wata doguwar ajiyar zuciya har Doguwa ta matso, ta ɗauka suma zan yi.

"Matsa can, lafiyata lau. Kira min wannan yaron."

Ta latsa min wayata. Yana ɗauka na ce, "Kai, mai ƙaton kai."

"Umma, ina wurin aiki..."

"Ka gaya wa aikin ubanka zai mutu. Au, ka riga ka sani ai! Ni ce bare. Ni da na wanke kashinsa shekara uku, ni ce ba zan iya jin magana ba? Ka bar ni ina cusa masa shinkafa, ina zagin baiwar Allah a banza."

"Jininki nake ji, Umma."

"Jinina yanzu ya sauka, ba don kai ba. Ka kira ƙanwarka ta hau mota yau, ba gobe ba. Ka ɗauko baffanku, ko da a goye ne."

Sai na ji yana jan hanci. Na ce ya share fuska kafin ya tuƙa mota, ba ni da ƙarfin jinya biyu.

Babbar nas tana nan tsaye da takardarta. "Ƙarar fa, Mama? In rubuta?"

"Rubuta mana. Ki cire Doguwa. Ki sa cewa likitanku ya ja ɗana lungu ya faɗa masa, ya bar matar da ke zaune a bakin gadon. Wanda ke riƙe da cokali shi ake fara gaya wa. Ki sa haka, don kada a yi wa wata."

Ta rubuta, ta karanta min, na ce ta ƙara "kuma ban ji daɗi ba". Ta ƙara. Na dangwala babban yatsana, na danna sosai.

Da ta fita, Doguwa ta kawo kofin ruwa da ɗan tsinke mai auduga a kai. Ta nuna min yadda ake jiƙa masa leɓɓa da harshe, a shafa mai kada su tsage.

"Na zage ki," na ce.

"Sosai ma."

"To, na janye rabi. Tafiyarki dai har yanzu ba ta yi min ba."

Ta yi dariya, haƙoranta farare tas. Ban taɓa lura ba.

Na karɓi tsinken na tsoma a ruwa na kai bakinsa. Leɓɓansa suka ɗan kama audugar, ya tsotsa sau ɗaya, goshinsa ya saki.

"Kafinta," na ce, "ashe ƙoshi ka yi. Ai da ka faɗa."

Na jawo kujera kusa, na ɗora ƙafafuna a kan ƙarfen gadon, na riƙe hannunsa mai kanta. Rana tana shigowa ta taga, tana ɗumama min gwiwoyi. Kafin yaran su iso barci ya ɗauke ni, kuma Doguwa ta hana kowa ya tashe ni.