Leshin da Aka Ɗora wa Rigar Nuhad

Shekara ashirin da shida Nuhad ta yi tana ɗinka wa matan Amman rigunan biki, irin waɗanda ba hannu ba wuya, daga ƙirji suke farawa. Ita kanta ba ta taɓa sa ko ɗaya ba. Sai bana, da aka sa ranar auren 'yarta Rand, ta yanko yadi mai launin ganyen zaitun ta ɗinka tata.

Wata huɗu ke nan da likita ya cire ɗan bututun da aka dasa mata ƙarƙashin ƙashin wuya don maganin ciwon daji. Ya bar tabo tsawon ɗan yatsa. Tun tana kwance a asibiti ta yi wa kanta alkawari, in Allah ya nuna mata wannan rana, da kafaɗunta a waje za ta yi rawa.

Ranar bikin, zauren na mata ne zalla. An karɓe wayoyi a bakin ƙofa, kowa ta rataye abayarta. Awa ɗaya ce tasu. Bayan nan za a yi shela ango na tafe da 'yan uwansa, kowa ta rufe jikinta.

A ɗakin sa kaya Nuhad ta buɗe jakar rigar, sai ta tsaya cak. An ɗora wa rigar leshi mai kauri, da hannu har gwiwar hannu, da wuya har haɓa. Jiya ta ba Ibtisam, yayar mijinta, rigar don kawai ta kai guga.

"Mene ne wannan, Hajiya?"

Ibtisam tana gyara ɗankunne a madubi. "Gyara ne, Umm Rand. Ba sai kin gode ba."

"Wa ya ɗinka?"

"Wani tela a Suweileh. Hannunsa da sauri."

"Na ga alama." Nuhad ta juya rigar. Zare fari a kan kore. Ɗinkin ya karkace kamar tafiyar mai maye, har allurar keken ta huda sandunan robar da ta jera a ciki, waɗanda su ne ke riƙe riga a ƙugu. Kwana tara ta yi tana jera su da hannu.

"Saboda ke na yi," in ji Ibtisam. "Dangin ango duk suna nan. Kina so a wuni ana kallon ƙirjinki ana cewa wayyo baiwar Allah? Kuma ai shekarunki sun wuce wannan."

"Taki rigar fa? Bayanki a buɗe har kwankwaso, kin girme ni da shekara bakwai."

"Ni ba a yanka ni ba."

Nuhad ta dube ta. Wato abin da ya tsole wa su Ibtisam ido ke nan. Lokacin da gashinta ya zube, su ne masu cewa jaruma, suna kawo mata miya a kula. Yanzu ta tashi, sai shaidar jarumtar ta zama abin ɓoyewa, kamar fasasshen faranti ranar baƙi.

Daga zaure aka fara kiɗa. Minti goma sun riga sun tafi.

Ta zaro ƙaramin almakashin da ba ya barin jakarta, ta miƙa wa Ibtisam gefen leshin. "Riƙe. Ja sosai."

"Kin haukace? Amarya na gab da fitowa."

"Amarya ni na haife ta, za ta jira. Ja, na ce."

Ibtisam ta ja, tana gunaguni. Nuhad ta bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya tana tsinkewa, tana tsince farin zaren da farce. Ramukan allura sun zauna a bakin yadin, ba yadda za ta yi da su. Wannan kam ba za ta yafe ba.

Ta sa rigar. Rigar ta zauna mata daram a ƙugu. Tabon yana nan a sarari, ja-ja, sama da bakin yadin.

Minti talatin da biyar suka rage mata, ba ta zauna ko sau ɗaya ba. An kalle ta, wasu sun kau da kai. Rand ta kamo hannunta ta kai ta tsakiyar fili, uwar ango ta rangaɗa guɗa.

Da aka yi shelar ango, Nuhad ta zura abaya kamar kowa, tana haki. Ibtisam kuwa tana ta laluben mayafinta a ƙarƙashin kujeru, bayanta a buɗe, ga ƙofa ana shirin turowa.

Nuhad ta ciro leshin daga jaka ta ɗora mata a baya.

"Ungo, Hajiya. Ba sai kin gode ba."