Yaɓen Ƙarshe na Baba Mukhtari

"Mai da simintin ga cikin mota!" in ji Baba Mukhtari magini daga kan tabarmarsa a zaure. Ciwo ya cinye muryar, amma faɗan yana nan.

Ɗansa Abdulƙadir, ma'aikaci a Sakkwato, ya yi turus a bakin ƙofa. "Baba, bango ya tsage, ga damina ta matso. A shafe shi a huta."

"Huta mi? Ka rufe laka da siminti, ruwa shi bi ta baya shi cinye ta ba ka sani ba. Kakana ya ɗora zauren ga. Ba ka kashe shi ina kallo!"

Halliru maɗinki, maƙwabcinsa na shekara talatin, yana gefe yana yi masa fifita. Ya san tsohon da taurin kai kamar jakin fatake, amma a kan gini wa zai ja da shi? Rabin sorayen tsohuwar unguwar nan ta Illela aikin gidansu ne. Sai dai bana hannunsa ya ƙi ɗaguwa, kuma in ruwan fari ya sami zauren a haka, sai labari.

"Halliru, kana da ƙafa?"

"Har biyu, Baba."

"To a taka ƙasa."

Washegari unguwa ta fito gayya. Maza suka kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, mata suka jiƙa ɓawon ɗorawa don makuba, wadda ke hana ruwa cin bango. Aka kai wa tsoho curi guda, ya matsa, ya yar.

"Ba ta nuna ba. Ta kwan ukku."

"Baba, ga hadari gabas!" in ji Abdulƙadir.

"Shi jira."

Halliru ya matsa kusa da tabarmar. Ba hadarin ya tsorata shi ba, numfashin tsohon ne.

Ran na uku Baba Mukhtari ya matsa curin, ya gyaɗa kai. Halliru da Abdulƙadir suka tallafe shi zuwa bakin ƙofa, ya manna lakar a bango, ya ja yatsunsa ƙasa a hankali.

"Haka za ku bi," ya ce.

Kafin azahar Allah ya karɓi abinsa. Suka kai shi makwancinsa, suka dawo, ba wanda ya nufi gida. Abdulƙadir ya naɗe wandonsa na ofis, yana kuka yana miƙa laka, har aka rufe aiki da magariba.

Ranar sadakar uku ruwa ya ɓarke. Masu ta'aziyya daga garin Kalmalo suka cunkushe a zaure suna ɗaga kai. Ko ɗigo babu.

"Wa ya yi yaɓen ga?" wani ya tambaya.

"Mai gidan," in ji Halliru. "Mu hannu kawai munka ara mai."

Ya leƙa waje. Indararo na ta kwarara, ruwa yana bin sawun yatsu biyar a bakin ƙofa yana gangarawa ƙasa.