Baftismar Inna Kande

Shekarar da Magdalena ta samu aikin buga takardu a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, Abuja sai bunƙasa take yi ba ƙaƙƙautawa. Duk inda mutum ya duba gini ne ake ɗorawa a kan gini, tifofi kuma ba sa hutawa a hanyar Bwari. Albashinta bai kai ta zama a cikin gari ba, sai ta kama ɗaki ɗaya a Dutse Alhaji, ta shiga cocin Katolika da ke kusa da ita.

'Yar wani ƙauye ce a ƙasar Kafur, Bahaushiya gaba da baya, kuma a cikin Katolika aka haife ta. A gida wannan ba abin mamaki ba ne, amma a Abuja sai da ta gaji da bayani. A ofis, in Hausawa suka ji sunanta, sai su yaba mata yadda ta iya Hausa, su tambaye ta inda ta koya. A coci kuwa, inda yawancin jama'a Ibo ne da Tibi da Idoma, in ta amsa waya da Hausa sai a juyo ana kallonta. Haka ta koyi yin shiru. Takan zauna a bencin baya, ta bi Mas, wato babbar ibadar Katolika, da Turanci, ana tashi ta fice.

Wata Lahadi Fada Solomon ya tsayar da matasa bayan Mas. Ya yaba waƙarsu da ankon da suka ɗinka, sannan ya ce shi dai bai ga amfanin bangaskiyar da ba ta taɓa ƙetare katangar coci ba. Ya raba su biyu-biyu, kowace Asabar su fita wani wuri. Ya gargaɗe su kada su yi gardama da kowa, kada su taɓa addinin kowa. Su gaida mutane, su saurara, wanda ya tambaya su gaya masa abin da suka gaskata. Magdalena aka haɗa da Edward, wani saurayi ɗan Idoma da ke karatu a makarantar lauyoyi ta Bwari, aka ba su wurin fasa dutse da ke bayan unguwa.

Ta bi Fada har bakin ofishinsa tana neman a canza mata, ta ce ita ba ta iya magana a gaban mutane ba. Fada ya ce matan wurin ba sa jin Turanci, kuma a cikin matasa arba'in ita kaɗai ce ke da harshen da za su ji har cikin ransu. Haka ta haƙura ta tafi.

Wurin fasa dutsen fili ne mai zafi a gindin tsauni. Mata sun fi talatin, kowace zaune a ƙarƙashin 'yar rumfar buhu, guduma a hannu, tana mayar da manyan duwatsu tsakuwa, tana tarawa har tifa ta zo ta kwashe. Asabar ta farko matan sun ɗauka 'yan siyasa ne suka turo su rabon atamfa, da suka ga babu komai a hannunsu sai kowa ta koma kan aikinta. Edward ne ya ɗan sassauta abin, don ya durƙusa gaban wata mata ya ce, "Sannu Mama, kana lafiya? Yaya mijinka?" Aka yi ta dariya, shi ma yana yi. Magdalena kuwa gaisuwa kawai ta iya, ta koma ɗaki tana jin haushin kanta.

A Asabar ta uku ne wata tsohuwa da ba ta taɓa tanka musu ba ta ajiye gudumarta. Ta daɗe tana kallon rosari, carbin 'yan Katolika, da ke naɗe a hannun Magdalena, sannan ta yafito ta.

"'Yata, ke ta wajen su Fada ce?"

"E, Inna."

Tsohuwar ta goge hannunta a zani, ta kai shi goshi, ta sauko da shi ƙirji, ta taɓa kafaɗa da kafaɗa. Sai ta fara addu'ar Ubanmu da Hausa, tun daga farko har ƙarshe, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta ɗora da gaisuwar Maryamu, ta ɗora da shaidar bangaskiya, da wasu tsofaffin kalmomi waɗanda rabon Magdalena da jin su tun bakin kakarta. Gudumomin kusa suka yi shiru. Magdalena ta tsinci kanta a durƙushe kan tsakuwa tana bin addu'ar da murya sama, abin da ba ta taɓa yi ba tun zuwanta Abuja.

Sunan tsohuwar Kande. Ta ce tana amarya a wani ƙauye a kudancin Kano wani katekis, malamin coci, ya riƙa zuwa musu a kan keke duk ranar kasuwa, yana koya musu a gindin ɗorawa. Damina biyu ta yi tana koyo. Saura wata ɗaya Fadan yankin ya zo ya yi musu baftisma, mijinta ya kwashe su suka koma wani daji neman gona, inda babu coci babu katekis. A can ya rasu. Ta yi ta faɗi-tashi da 'ya'ya har suka girma, yanzu tana zaune wajen ɗanta Nababa, direban tifa, wanda ya musulunta tun yana saurayi. Shekara talatin da wani abu ke nan ba ta fasa addu'o'in nan safe da yamma ba, amma ruwan baftisma bai taɓa sauka a kanta ba. Ta ce ta taɓa leƙa wata coci a nan Abuja, ta ji ana ta Turanci, ga mata da manyan gwaggwaro, sai ta juya.

Tun daga ranar Magdalena ba ta ƙara jiran Asabar ba. In ta taso daga ofis da wuri sai ta biya ta wurin, ta zauna a rumfar Inna Kande da ƙaramin littafin katekisma na Hausa da ta sa aka aiko mata daga gida. Sau da yawa kafin ta gama karanta tambaya tsohuwar ta ba da amsa, wani lokaci har ta gyara mata karatu. Wasu mata huɗu, 'yan Filato da Kudancin Kaduna da suka daɗe da barin zuwa coci, suka fara matsowa da gudumominsu suna saurare. Edward ya ɗauki aikin ɗebo musu ruwa da tura baro, Hausarsa kuma ta ɗan miƙe.

Da Fada Solomon ya zo da kansa ya yi wa Inna Kande tambayoyi, Magdalena na fassara, sai ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce za ta ƙara wata shida tana shiri tare da jama'a, daga nan ba shi da dalilin hana ta baftisma. Sai dai ya ce tunda a gidan ɗanta take, bai kamata a yi abin a ɓoye masa ba.

Inna Kande ta ce ita bakinta ya yi mata nauyi, ba za ta iya gaya masa ba. Yaron bai taɓa rage ta da komai ba, fasa dutsen ma shi ba ya so, ita ce ba ta iya zaman banza. Ta san kuma abin da ya daɗe yana fata a kanta, wato ita ma ta musulunta. Magdalena ta ce ita za ta je.

Ta sami Nababa da la'asar a inda tifofi ke layi, ya idar da salla yana naɗe tabarma. Mutum ne dogo, marar yawan magana. Ta gaishe shi da ladabi, ta faɗi ko ita wace ce, ta faɗi abin da ya kawo ta ba tare da kwana-kwana ba. Ya saurara har ta gama, idonsa a ƙasa.

"Malama, shekara ashirin ina yi wa Inna nasiha," in ji shi. "Kullum sai ta ce in bar ta da abin da ta riƙe. Ke kin zo wata biyu."

"Ban kawo mata sabon abu ba, Malam Nababa. Da abinta na same ta. Ni dai na ji ta ne da harshen da take yi."

Ya tambaye ta ko ita Bahaushiya ce. Ta ce e, ta faɗi sunan ƙauyensu da na kakanta, ta ce a cikin wannan addinin aka haife ta kuma ba ta jin kunyar ko ɗaya daga cikin biyun. Ita kanta sai da ta yi mamakin yadda maganar ta fito mata a miƙe. Nababa ya ce ya ji, ya hau motarsa ya tafi, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Watanni suka wuce a haka. Bai hana uwarsa zuwa coci ba, bai kuma taɓa ta da zancen ba. Duk Lahadi Magdalena kan biya ta ɗauke ta, su zauna a benci na biyu daga gaba don tsohuwar ta ga bagadi sosai, tana raɗa mata fassarar wa'azi a kunne. Masu juyowa suka yi ta juyowa har suka saba. Fada ya fara sa Magdalena ta karanta karatu na biyu da Hausa sau ɗaya a wata.

Ana saura mako guda a yi baftismar, Fada ya tambayi Inna Kande wadda za ta tsaya mata a matsayin uwar baftisma. Shugabar zumuntar mata ta riga ta shirya, amma tsohuwar ta nuna Magdalena. Aka ce ai yarinya ce, shekararta ashirin da huɗu, ko aure ba ta yi ba. Inna Kande ta ce ita ba shekaru take nema ba, wadda ta zo ta same ta a cikin rana take so.

Ranar Lahadin da safe Magdalena ta je ɗauko ta, maƙwabta suka ce ai sun fita. Ta dawo coci da sauri. Tana isowa ta ga tifa a tsaye a bakin ƙofa tsakanin motocin manya, an wanke ta fes. Nababa ya zagayo ya buɗe ƙofa, ya sauko da uwarsa a hankali. Farin leshi ne a jikinta, sabo, da ɗankwali da takalmi. Matan wurin fasa dutse su tara suka diro daga baya suna gyara zani.

Ya riƙo hannun uwar har gaban Magdalena. Ya ce shi ba zai shiga ba, kuma ra'ayinsa bai canza ba, amma ba za a ce uwarsa ta zo ranar farin cikinta a ƙafa da tsohon zani ba alhali yana raye. Ya ce zai jira a inuwa.

A cikin coci Fada Solomon ya yi tambayoyin baftisma da Hausar da ya kwana uku yana haddacewa. Inna Kande ta amsa kowace da ƙarfi, har na bencin baya suka ji. Ta zaɓi suna Alisabatu, sunan matar nan ta cikin Littafi Mai Tsarki da ta haihu bayan ta tsufa, don ta ce ita ma sai da ta tsufa aka tuna da ita. Magdalena ta dafa kafaɗarta lokacin da ruwan ya gangaro kan furfurarta. Da aka ba su kyandir, matan dutse suka rangaɗa guɗa, jama'a suka ɗan yi turus, sannan coci ta ɗauki tafi gaba ɗaya. Magdalena ta tsaya a gaban mutum sama da ɗari biyar, kanta a ɗage, hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

Da aka fito, Nababa ya taso daga gindin mangwaro. Uwar ta miƙa masa kyandirin ya riƙe mata don ta gyara ɗankwali, ya karɓa ya riƙe. Ya dubi fuskarta ya ce rabon da ya ga ta haka tun ranar sunan ɗansa na fari.

Asabar da ta biyo baya Magdalena ta makara, don an kira su aikin gaggawa a ofis. Ta iso ta tarar an haɗa rumfuna uku wuri guda, mata goma sha biyu a zaune, Inna Kande na tsakiya tana koya musu alamar gicciye, Edward na gefe riƙe da littafi. Wata baƙuwa ta yi tambayar da ta fi ƙarfin tsohuwar, game da auren da aka ɗaura a gargajiyance. Inna Kande ta hango Magdalena tana tahowa, ta matsa ta ba ta wuri a kan buhu.

"Ga uwata nan ta iso," in ji ta. "Ki tambaye ta."