Wa Ke Shan Ruwan Shadliya?

Shekara huɗu ke nan sama ba ta yi wa ƙauyen abin kirki ba. Zaitun ya kaɗe, tumaki an sayar da su a wulaƙance, motar ruwa kuwa sai ta ga dama take hawowa dutsen, ruwan nata ma gishiri-gishiri, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sa baki. Abin da ya rage wa Shadliya shi ne majil ɗinta, rijiyar tsakar gida mai tara ruwan rufin ɗaki, wadda marigayi mijinta Bulbaba ya haƙa. Rediyo ya ce kada a sa rai da hadari kafin wata uku. Ta zura igiya mai ƙulli ta auna, ta ga in ta yi tsimi ruwan zai kai ta.

Sai igiya ta fara ƙaryata ta. Guga biyu take ɗiba a rana, amma ruwan na sauka kamar ana ɗibar biyar.

Ba ta wahala wajen neman ɓarawo ba. Ta kan katanga ta hango tukunyar na'ana'ar maƙwabciyarta Hadda, kore shar. Na'ana'a a wannan fari! Kuma Hadda ce kaɗai ke shigowa gidan ba sallama, shekara talatin suna shan shayi a inuwar ɓauren da Bulbaba ya dasa. Wannan ɓaure shi ne abin alfaharin Shadliya. Itatuwan gari duk sun zubar da ganye, shi ko yana nan lif, ta kan ce albarkar hannun marigayi ce.

Ta sa kwaɗo a murfin majil, ruwa bai daina sauka ba. Ta barbaɗa toka kewaye da shi, da safe ba ta ga sawun kowa ba sai na kaza. Da wani ne ya ga haka, da ya saki zargi. Shadliya kuwa cewa ta yi lallai ɓarawon ya ƙware. Nan ta tuna cewa Miftah, mijin Hadda, shi ne maginin da ya shafe cikin majil ɗin da farar ƙasa shekara shida baya. Me zai hana ya binne bututu ta ƙarƙashin katanga?

Ranar Talata Hadda ta shigo da kwanon kuskus.

"'Yar uwa, taɓa wannan, kin rame wallahi."

"Da wane ruwa aka turara shi?"

"Da ruwa mana. Da me za a turara, da fetur?"

"Na ga na'ana'arki tana ƙiba. Ni ruwana na ramewa."

Hadda ta ajiye kwanon a hankali. "Ruwan alwalata nake tara mata. Shadliya, ni kike nufi?"

"Ni ban kama suna ba. Amma dole mijinki ya shiga rijiyata a gaban liman, ya nuna mana abin da ya bari a ciki."

Kafin la'asar magana ta zaga gari. Washegari liman ya zo yana sunkuyar da kai don kunya, mata sun cika ƙofa. Miftah ya tuɓe takalmi, ya ɗaura igiya a ƙugu.

"Hajiya, in na ga bututun, in kawo miki shi ko in bar shi ya huta?"

"Sauka dai, baki ba ya gini."

Ya daɗe a ciki. Shadliya na tsaye, har ta shirya kalmar da za ta jefa wa Hadda. Da aka jawo shi, sai ga hannunsa cike da wasu zaruruwa farare kamar gashin tsohuwa, suna ɗigar ruwa.

"Ga ɓarawonki," in ji shi. "Bango ya tsage ta gabas, saiwa ta shiga, ta yi kaurin hannuna. Ɓaurenki ne, Hajiya. Yana sha tun bara."

Duk aka ɗaga kai aka dubi itacen. Shadliya ma ta duba, kamar yau ta fara ganinsa. Laifi tudu ne, ta taka nata ta hango tukunyar na'ana'a. Kunya ta rufe ta har ta rasa inda za ta sa idonta.

"Ba a toshewa?" ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"A toshe yau, ya fasa gobe. Ko shi ko ruwan. In kin bar shi, ba za ki ga ƙarshen watan nan da ɗigo ba."

Mutane suka watse. Ta zauna a gindin ɓauren har inuwa ta juya, tana shafa kututturen, ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar Bulbaba. Gatari kuwa babu a gidan, kullum na Hadda take ara. Ta tashi ta je jikin katanga.

"Hadda. 'Yar uwa. Ki shigo mini da gatarin, mu sha shayi a inuwar ko sau ɗaya kafin a sare."

Can sai ga ƙotar gatari ta leƙo ta kan katanga.

"Karɓi," in ji Hadda. "In kin gama ki miƙo ta nan."